Ƙararrawar Ambrose Tull

Shekara goma sha ɗaya Ambrose Tull ya yi yana kaɗa ƙararrawar majami'ar garin Lowry, a bakin kogin Ohio. Ba a bauta a wannan gaɓar. A ƙetaren kogin aka haife shi, a Kentucky, bawa ɗan baiwa. Yana da shekara ashirin da shida ya gudo, a ɓoye cikin kayan wani jirgin ruwa, ya bar ƙanwarsa Dorcas a hannun ubangidansu. Taron masu yaƙi da bauta ba ya wuce shi, amma bai taɓa yarda ya tuɓe riga ya nuna tabon bulala ba. Yakan ce magana ya zo yi, a saurare shi.

Ƙararrawar nan murya biyu gare ta. Ranar murna da sauri ake kaɗa ta. In rasuwa aka yi kuwa, ɗaya bayan ɗaya, adadin shekarun mamacin, mutane na ƙirgawa daga gidajensu.

Ranar huɗu ga Yulin 1854, ranar bikin 'yancin ƙasar Amurka, matarsa Keziah ta tare ƙofa, domin kuwa ta san abin da ke ransa. Ta tuna masa ba shi da takardar 'yanci, ga masu farautar bayi sun cika gari, kuma rashin kula da shi da ake yi ne kaɗai ke tsaronsa.

"Tsoho, kai ne za ka gyara mutanen garin nan? Kaɗa musu abinsu ka dawo ka ci abinci."

Ya ce mata ƙasar nan tasa ce, gumin uwarsa na cikin ƙasarta, kuma ba zai ci gaba da yi wa ƙasar ƙarya ba.

Ya hau hasumiya, inda ake hango gonakin Kentucky. Ya ja igiya sau ɗaya, ya dakata, ya sake ja. Masu ganguna a dandali suka yi tsit. Sai da ya kai talatin da huɗu.

Fasto Whitcomb ya tare shi a ƙasan matakala yana haki, yana tambayar wanda ya rasu.

"Babu kowa, Yallabai. Shekarun ƙanwata Dorcas ne. Yanzu haka tana can duƙe a gonar taba."

Faston ya karɓe makullin hasumiyar, bai iya haɗa ido da shi ba. Kafin yamma baƙi biyu na tambayar gidansa. Keziah ba ta yi masa gori ba, ta riga ta ɗaure kaya. Suka kama hanyar Kanada, inda masu farautar bayi ba su da iko.

A can ya ƙare rayuwarsa yana aikin kafinta. Har ya rasu, duk wanda ya tambaye shi ɗan ina ne, Amurka yake cewa.