Ranar da Na Kai Jamila Hoton Ƙashi da Gorar Ruwana

Kwandere, ƙarfe biyar da rabi na asuba. Da sallame sallah na goya Jamila muka fito. Shekararta ɗaya da rabi, jiya ta faɗo daga gado, hannun hagu ya kumbura, ba ta ɗaga shi. Mai kemis ya ce sai an yi hoto a Lafiya. Ni kuwa hoton nake tsoro, kuma laifin ƙanena Shu'aibu ne.

Shi ke karatun kimiyya a jami'a. Da ya zo hutu ya ce ƙwayar ruwa, wadda ido ba ya gani, siffar gwafa gare ta. In hasken hoton ƙashi ya doke ta, sai ya fizge wani abu daga jikinta, gwafar ta wage ko ta rabu, tun ƙiftawar ido ba ta fara ba. Wannan yake nazari. Kuma shi ya ce jikin mutum yawanci ruwa ne. To, 'yata fa? Nonon da take sha fa?

Kan hanya, ƙarfe shida. Keken Baba Audu maƙwabcinmu muka shiga, da buhun doya a ƙafafuna. A shinge ɗan sanda ya leƙo.

"Madam, ina zuwa?"

"Za a wage mata gwafa ne, Ofisa," in ji Baba Audu, don na riga na ba shi labari. Har muka wuce ɗan sandan yana dariya.

Lafiya, bakwai saura kwata. Na sayi ƙosai a bakin asibiti, na kasa ci. Gorar ruwanmu na miƙa wa Baba Audu, na ce ya matsa da ita can gindin mangwaro, kar hasken ya same ta.

Tara da rabi aka kira mu. Mai ɗaukar hoton, wata dattijuwa mai tabarau, ta tambaye ni ko ina da ciki. Na ce a'a. Ta rataya min riga mai nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Nan na ce ta dakata. Na buga wa Shu'aibu waya.

"Yaya, wallahi kin fi malamaina riƙe karatu! Ƙwayoyi kaɗan yake taɓawa, jiki kuma yana gyara kansa. Hasken da nake ba ki labari ya fi na asibiti ƙarfi nesa ba kusa ba. Nononki lafiya lau. Hannun ne abin tsoro, in ya haɗe a karkace."

"Ka rantse."

"Maman Jamila," in ji dattijuwar, "ya rantse a waje, akwai layi."

Na riƙe 'yata, na runtse ido, ina jiran walƙiya. Ƙit kawai na ji.

"An gama."

"Yaushe?"

"Kina addu'a."

Likita ya nuna min ƙashin, siriri kamar karan dawa, da tsaga ƙarama kusa da wuyan hannu. Aka sa mata filasta.

Gida, ƙarfe biyu. Jamila ta sha nono ta yi barci, ina kallonta, ba inda ya wage. Na gode wa Allah, na gode wa dattijuwar nan, da Baba Audu da ya yi awa shida yana gadin gora. Da zai miƙo min ita sai da ya girgiza ta a kunnensa.

"Gwafunanki duk suna nan, na ji motsinsu."

Na karɓa na shanye.