Jan Farce A Ƙarƙashin Benci

Ranar Talata, tara ga Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malama Sufeta, mai duba makarantun ƙaramar hukumarmu, bayan jinyar kwana shida. Na Allah ne mu, kuma gare Shi ta riga mu komawa.

Malama, teburina ne ke kallon naki a ofis. Ni na zo da digiri biyu da gwanintar rubuta "an kammala aiki". Ke kwalbar jan farce ce a jakarki, alhali ba ki taɓa shafa wa farcenki ba.

Duk bencin da aka nuna miki, sai kin faki ido kin ɗiga masa ja a ƙasa. A haka kika gano cewa benci sittin ɗin da aka ƙaddamar da tafi a firamaren bakin kasuwa, su ne a firamaren tasha, su ne kuma a ɗakin jira na asibitin haihuwa. Mota ta riga mu kai su, ta biyo bayanmu ta kwashe. Yara su koma kan siminti, masu ciki su jira a tsaye. Kujerarki ta ofis ma asibitin kika kai wa, kika shekara zaune kan kwalin takardu.

Ba zan manta ranar da kika kifar da benci a gaban kansiloli ba. Shugaban ƙaramar hukuma ya ce, "Haba Hajiya, da girmanki?"

Kika ce, "Ranka ya daɗe, gaisawa muke da bencin. Makaranta biyu muka yi da shi."

Aka kafa kwamiti. Ya zauna sau biyu, a kujeru masu laushi.

To, ga albishir, Malama! Don nuna alhini, ƙaramar hukuma ta aiko da abin zama gidan makokinki. Babbar 'yarki ta sunkuya ɗaukar takalmi, sai ta yi mini ihu: "Anti, zo ki gani!" Ɗigon ja a ƙarƙashin benci. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muna kuka muna dariya. Sittin cif!

Da direba ya dawo kwasa, ya tarar da malamai da ungozomomi zaune a kai. Ba wadda ta motsa. Kafin la'asar arba'in sun shiga aji, ashirin suna asibiti, an rubuta sunan kowane wuri da fenti a sama, inda ba sai an sunkuya ba. Washegari ofishin Shugaba ya sanar cewa gudummawa ce don tunawa da ke. Ba mu musa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya ba ki ladan kowane yaro da ya zauna a kai. Allah Ya ba maigidanki da 'ya'yanki da jikokinki haƙuri, Ya sa Aljanna ce makomarki.

Kwalbar tana teburina. Ranar Litinin za a ƙaddamar da sababbin gadajen asibiti.