Gemun auduga

Jiya ina durƙushe gaban Malam Sule, tsohon malaminmu na firamare a Turawa, sai kawai ya miƙo hannu ya cafke min gemu.

Tun a zaure 'yarsa ta ce min, "Yaya, sai haƙuri, Baba bai cika gane mutane ba yanzu." Don haka na shiga jiki a sanyaye.

Muna aji biyar, ranar rabon sakamako, ya sa ni fitowa a mai gari a wasan kwaikwayo. Da hannunsa ya liƙa min gemun auduga da ƙaro. Ina tsakiyar raba gardamar manomi da makiyayi, zufa ta jiƙa ƙaron, gemu ya faɗa ƙwaryar fura. Iyaye suka kwashe da dariya, har dagacin gaske yana share hawaye. Ni kuwa na tsamo abina, na matse, na mayar, na ci gaba da shari'a.

To shi ne jiya ya ja gemun, ya sake ja, sai da na ce wash.

"Ranka ya daɗe, mai gari," in ji shi yana murmushi. "Yau dai ya zauna. Wa ya liƙa maka?"

"Shekaru ne, Malam."

"Lallai sun fi ni iya aiki."

'Yarsa na bakin ƙofa, tana dariya tana goge ido.

Da ina shirin shafa wa furfurar nan baƙi, wallahi na fasa.

Ku fa, a wa kuka fito a wasan makaranta, kuma wa ya rage da zai tuna muku?