Ƙaryar da Na Ɗauko Daga Alsahafa

A shekarun da abin nan ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta, ɗiyar wani mai sayar da takalman fata a kasuwar Omdurman, kuma ni ce ta farko da ta gama jami'a a gidanmu. Kakanninmu sun zo daga ƙasar Hausa tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa. A cikin gida Hausa muke yi, a gari kuwa Larabci, kuma da na fita ƙofa sai in naɗe ta in ajiye, don ba na so a ji ta a bakina a cikin hafila, wato bas ɗin haya. Abin taƙamata Turanci ne. Sojojin da ke mulki sun riga sun mayar da karatun jami'a da Larabci, yawancin 'yan ajinmu suka fito da digiri ba su iya haɗa jimla biyu da Turanci ba, ni kuwa mahaifina ya sa an koya mini tun ina ƙarama. In an kawo takardar magani a dangi, ni ake nema. Girman kai dai, Allah ya yafe mana.

Ina da 'yar gwaggo, sa'ata ce. Mahaifinta ya yi shekaru yana tsinkar auduga a gonakin Jazira kafin su dawo unguwar Dar Salam, ya koma ɗaukar kaya a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Da ƙyar da jiɓin goshi ita ma ta gama jami'a a shekarar da na gama. Mu biyun muka sa rai da majistir, wato digiri na biyu, a wata jami'ar ƙasar waje, kuma ba a samun gurbi sai an ci wata jarrabawar Turanci da ake yi sau ɗaya a shekara. Ni in na faɗi, baɗi ma rana ce. Ita kuwa ciwon baya ya fara damun mahaifinta, ta kuma yi masa alkawarin zama ɗaya tak za ta yi. In ba ta ci ba za ta karɓi aikin koyarwa a firamare ta riƙe gida. Na san wannan sarai, ita da bakinta ta faɗa mini.

Mahaifina ya sa ni a wani ma'ahad, wato cibiyar karatu, da ke unguwar Alsahafa a ƙetaren kogi, inda ake shirya ɗalibai. Ita ba hali, ga nisa. Sai muka yi shawara ta riƙa zuwa gidanmu da la'asar, mu zauna a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, in ba ta takardun gwaji in kuma maimaita mata abin da malami ya koyar. Kunnenta ni ce ke nan. Da farko na ji daɗin haka, don nahawu da ma'anar kalmomi na fi ta nesa ba kusa ba. Sai muka iso ɓangaren da ke kayar da mutane: dogon rubutu a ba ka, sannan a yi maka tambayoyin da amsarsu ba ta rubuce a ko'ina. Me marubucin yake nufi da bai faɗa ba, don me ya kawo misali kaza, wace magana ce in ta tabbata za ta rushe hujjarsa. A nan na cije. Kowace kalma na san ta, amma in an ce in zaɓa sai in zaɓi ba daidai ba.

Ita fa? Za ta karanta a hankali, tana tuntuɓe da kalmomi, tana tambayata ma'anarsu. Sai ta kife takardar ta fara ba da labarin da Hausa, kamar marubucin wani maƙwabcinsu ne da ta ji ana gulmarsa a wurin ɗibar ruwa. Akwai wani rubutu kan madatsar ruwa da na rantse marubucin yabonta yake yi. Ta yi dariya ta ce wallahi wannan mutumin irin matar nan ce da za ta ce miyarki ta yi daɗi, ta ƙara, ta sake yabawa, sannan a bakin ƙofa ta tambaye ki ko gishiri ya yi tsada ne bana. Ta ce duk yabon share fage ne, maganarsa tana wurin da ya ce amma. Muka duba amsa, ita ce daidai. Haka gobe, haka jibi. Mahaifiyata ta daina aikinta tana zuwa sauraro. Wata rana mahaifina, mutumin da bai taɓa ce mini madalla ba, ya tsaya da butarsa a hannu ya ji ta, ya girgiza kai ya ce ya salam, yarinyar nan kanta yana ja, in riƙa koyo a wurinta. Ni? A wurin wadda nake faɗa wa ma'anar kalmomi? Ranar ko abinci ban iya ci ba. Na ji haushinta, na ji haushin dariyarta, har tafiyarta da silifas ɗinta masu ƙura haushi take ba ni.

Ana nan sai malaminmu ya yi darasi a kan wannan ɓangaren. Ya ce duk wanda zai iya rufe takarda ya faɗi abin da ya karanta da bakinsa, da kowane harshe, ya tsira. Ya kuma gargaɗe mu da amsar da ta kwaso kalmomin rubutun kamar yadda suke, ya ce galibi tarko ce. Wato dabarar 'yar gwaggona ce ya kwatanta tsaf. A cikin hafila, muna tsaye a kan gada sojoji suna sauke samari suna duba takardunsu, na gama shirya abin da zan faɗa. Da ta zo na ce mata malami ya ce babu abin da ke kayar da ɗalibi kamar juya rubutu zuwa harshen gida, wai yana cin lokaci yana gurɓata fahimta. Na ce wai a fara karanta tambaya, a nemi kalmominta a cikin rubutun, a zaɓi amsar da ta fi kama da su. Ta ce amma ai tana ci da tata hanyar. Na ce mata waɗannan na wasa ne, na ranar jarrabawa sun fi ƙarfin gulma. Ta ce halas, shi ke nan, ni na san Turanci, kuma ni na ga malamin da idona.

Ta bi maganata. Makinta ya fara sauka, ta damu, ni kuma ina cewa ma'alesh, ta yi haƙuri, haka sabuwar hanya take kafin a saba. Rumfar ta yi tsit, mahaifiyata ta koma kan aikinta. Ni kuwa da ta tafi sai in shige ɗaki in kife takarda in riƙa ba kaina labari da Hausar da nake jin kunya, ina kwaikwayon har yadda take karya wuya. Makina ya hau. A ɗakin jarrabawa na hango ta tana bin layi da yatsa tana farautar kalmomi, ni leɓena yana motsi.

Na ci, ita ta faɗi da kaɗan. Ita ta fara rangaɗa guɗa a tsakar gidanmu, ita ta yi mini lalle kafin tafiya, tana cewa tunda ɗayarmu ta samu ai duka mun samu. Kafin in tashi ta kama aikin firamaren.

Na yi shekaru a waje na dawo, na je gaishe su a Dar Salam, 'yar gwaggona ta dafa mini jabana, wato gahawa. Tsohon mahaifinta yana kwance a kan gadon igiya, baya ya gama da shi. Ya kira jikokinsa, 'ya'yan da ta haifa bayan tafiyata, da Hausa ya yi musu wasan kaka, suka tsaya suna kallonsa, babbar ta tambayi uwarta da Larabci me yake cewa. Na tambaye ta yaya haka. Ta ce ita ta hana a yi musu Hausa tun suna goye. Ta ce malamina ya yi gaskiya, da ta daina wannan ɗabi'ar da wuri da ba ta faɗi ba, kuma ba za ta bari abin da ya cuce ta ya cuci 'ya'yanta ba. Har godiya ta yi mini, wai ni kaɗai na faɗa mata gaskiya. Na buɗe baki, Allah shaida, na buɗe. Abin da ya fito shi ne jabanar ta yi daɗi.

Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ni dai na gani da idona tana ƙone shuka, domin wanda ya yarda da kai ba ya kare kansa daga gare ka. Na ɗauka ƙaryata za ta ƙare ranar jarrabawa, ashe za ta shiga gida ta tsaya tsakanin tsoho da jikokinsa. 'Yan uwa masu karatu tare, in aka aike ku da ilimi ku isar da shi yadda kuka karɓa. In kun ji zuciyarku tana zafi don an yabi na kusa da ku, ku faɗa wa wani, ko ku tashi ku bar wurin, kafin bakinku ya yi abin da ba za ku iya gyarawa ba. Kada kuma ku ɗauka wannan wasiƙar jarumta ce. Na rubuto muku ne domin na san Hausarta ta baka ce, ba ta iya karanta Hausar boko ba. Ita har yau ban faɗa mata ba.