Garmahon Fada da Maƙogwaron Velile

Tata Velile Gqoba (Tata, wato Baba a yarenmu) gyaran takalma yake yi a bakin tashar Cofimvaba, amma ba da wannan aka san shi ba. Shi ne mai waƙar Kirsimeti.

Velile yana saurayi, Fada, limamin cocinmu, ya kawo faifan wani shahararren mawaƙi ɗan Italiya, mai murya da ke hawa kamar ba za ta sauko ba. Velile ya maƙale wa garmahon Fada har ya haddace waƙar. Tun daga nan, kowace safiyar Kirsimeti shi ke rera ta a coci, mu 'yan kwaya muna bayansa. Abin ya zame masa ƙarfen ƙafa, ko ziyara bai isa ya je a Disamba ba.

Da tsufa ya zo, gaɓar ƙarshe ta fi ƙarfinsa. Tsoronsa ɗaya ne, kada murya ta tsage masa a gaban jama'a.

Bara 'yarsa ta kunna masa waƙar a waya. Ashe mawaƙin bai taɓa kai inda Velile ke kaiwa ba, garmahon Fada ne ke gudu fiye da ƙima, shi ya sa muryar ke ƙara hawa. Ya ruga wurin Mama Nobantu, shugabar kwaya.

"Mama, saurara. Mai waƙar ma a nan ya tsaya. A sassauta mini mana."

"Wannan mura yake yi," in ji ta. "Tamu a sama take."

"To a ba wa yara."

"Yara? Tata, so kake Kirsimeti ta tsallake garinmu?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa ya isa ya ja da Mama Nobantu?

Ranar Kirsimeti, coci ta cika maƙil, ga zafi, don mu a wurinmu Disamba lokacin zafi ne. Velile ya hau, ya hau, sai murya ta tsage kamar zakaran da aka shaƙe. Mu a wurinmu ba a barin mai ba da waƙa ya faɗi. Mata suka cafe, maza suka dafa, muka kai ta ƙarshe. Na dubi fuskarsa. Kunya ce, amma da sauƙi a ciki, don ya ɗauka yau an sallame shi.

A bakin ƙofa Mama Nobantu ta rungume shi tana hawaye.

"Tata, ba mu taɓa jin daɗinta kamar yau ba. Baɗi ma haka za mu yi. Ka kai mu wurin, ta tsage, mu karɓa."