Sifika Ɗaya a Ɗakin Inna

A shekarun da kuɗin mai suka buɗe wa mutane ido, duk wanda ya sauka daga aikin Hajji a Katsina sai ka ga kwalayensa sun fi shi tsawo. Maigidana ma bai yarda an bar shi a baya ba. Atamfa yake sayarwa a Babbar Kasuwa, mutum ne mai son a ce ya yi. Ya dawo mana gidanmu na Ƙofar 'Yandaka da haƙorin Makka a baki da manyan kwalaye uku: uwar rakoda mai wurin faifai a bisa da wurin kaset a gaba, sai sifika biyu, kowace ta kusa tsayin turmi.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni wani ɗan kaset ne da Alhaji ya miƙo mini bayan 'yan barka da sauka sun ragu. Ya ce, "Ungo, na ga yayanki. Yana nan yana ɗinki. Ya ce a sa wa Inna wannan ta ji."

Yayan nan nawa shi ne ɗan farin mahaifiyarmu. Ina ƙarama ya bi hanyar gabas da niyyar sauke farali ya dawo, bai dawo ba. Baba ya rasu bai gan shi ba. Inna ba ta karatu, shi kuma ba ya rubutu, saboda haka shekara da shekaru abin da ke zuwa mana sai "an gan shi" da "yana gaishe ku". Na ƙulle kaset ɗin a haɓar zanena, na ce ko wanka zan shiga da shi zan shiga.

To amma fa sai kun san Inna. Mutuniyar ƙauye ce daga bayan Batagarawa, irin matan da, masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. In dole ta kama sai ta ce "wancan", ko "babban naku". In aka ɗauko zancensa sai ta tashi ta ce za ta duba awaki. Mu da muke cikinta mun san abin yana cin ta, don duk shekara in alhazai suka fara sauka sai abinci ya fita ranta, ta rame. Amma ta buɗe baki ta tambaya? Ina!

Na aika mata cewa Alhaji ya sauka, kuma akwai saƙo. Washegari da hantsi sai ga ta da ƙwaryar fura da 'yar sandarta, idon nan duk ya yi hazo, don a lokacin ganinta ya fara rauni. Ta yi wa Alhaji barka daga bayan labule, ta wuce ɗakina da ke can ƙuryar gida. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Ni hwa da la'asar zan tahi. Motar garinmu ba ta jiran kowa."

Na san ba wasa take ba. Inna ba ta taɓa kwana gidan suruki ba, ko haihuwa na yi sai dai ta wuni ta juya. Na ce, "Inna, akwai kaset na Yaya, muryarsa ce a ciki."

Ta kawar da kai ta ce, "To ku ji mana. Ni mi ya haɗa ni da shi?"

Raina ya ɓaci, na kuma ji tausayinta ya kama ni. Na ce a zuciyata, wallahi tsohuwar nan ba za ta bar gidan nan ba sai ta ji ɗanta, ko da za mu ɓata da kowa.

Matsalar ita ce rakodar tana cikin kwali, kuma Alhaji ya riga ya gayyato abokansa na kasuwa su zo su ga buɗe ta. Falon ya cika da manyan riguna da ƙamshin turaren Makka. Ni ina tsaye a bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida, ina leƙe. Kowa ya zama gwani. Wannan ya ce jar waya ce ke shiga nan, wancan ya ce a'a baƙar ce. Takardar bayanin da ta zo cikin kwalin ba wanda ya kalla, an ma ɗora kofin shayi a kanta.

Da aka zo jona wuta, sai na tuna wani abu. Wutar can ƙasar ba irin tamu ba ce, tamu ta fi ƙarfi, kuma kowa a lungunmu ya san labarin maƙwabcinmu da ya dawo da fanka ya jona, ta yi ƙara ɗaya ta tashi da hayaƙi. Alhaji ya ɗauki filogi ya nufi soket, yana dariya. Ban san sanda na ce "Alhaji!" ba. Ya zo bakin labule fuska a murtuke. Na yi ƙasa da murya na ce, "Ba ka ce mai kantin da ya sayar maka ya nuna maka wani ɗan maɓalli a baya ba, wanda ake juyawa zuwa wutarmu?" Ya ce, "Ai ina sane." Bai sane ba. Ya koma ya juya akwatin ya murɗa abin da bakin wuƙa.

Kafin ya tafi na riƙe shi da wata maganar. Na ce ina so a kai sifika ɗaya ɗakina. Ya dube ni kamar na zare. Ya ce mai kantin ya ja masa kunne, ɗaya dama ɗaya hagu, mutum ya zauna a tsakiya, haka ake jin daɗin abin. Na ce, "Inna za ta shigo ta zauna tsakiyar mazan kasuwa ne, gaban surukinta, ta saurari ɗan farinta? Haba Alhaji, kai ma ka sani." Ya ce wayar ba za ta kai ba. Na ce a ƙara. Ya ce na cika naci. Na ce na ji, a ƙara.

Aka samo ragowar wayar fitila da ta rage tun da aka ja mana lantarki, aka fere baki aka murɗe da ta sifikar, aka naɗe da ƙyalle. Aka bi da ita ta taga, ta bisa igiyar shanya, ta wuce inda matan gida ke daka, har ɗakina. Ni na rungumi sifikar da kaina na kai, na ajiye ta gindin gado. Inna ta laluba ta da sanda ta ce, "Wannan kuma mi ne ne?" Na ce kayan Alhaji ne, falo ya cika, nan zan ajiye. Ta ce to. Na jawo mata ƙofa na fito.

Sai aka ɗauke wuta. Oh ni! A lokacin an yi azahar. Mazan suka fita salla suka dawo, suka ci tuwo, suka sha furar Inna, wuta shiru. Ina ta kallon inuwar katanga tana tsawo. Inna ta aiko a ce mini a wanke mata ƙwaryarta. Na ce a ce mata ana wankewa, na ɗauki ƙwaryar na kifa ta bayan randa.

Wutar ta dawo rana ta fara sanyi. Aka kunna, 'yan fitilu kore suka haska a gaban akwatin, wasu allurai biyu suka motsa, falo ya ɗauki kabbara. Alhaji ya ce bari a fara gwadawa da wani kaset na karatu da ya sayo. Ya tura shi, ya danna. Murya ta fito garau, har na ji sanyi a raina. Ba a jima ba wani abokinsa mai sayar da gishiri ya ce bari ya ga yadda ake mai da shi baya, ya danna wannan ya danna wancan ba tare da ya tsayar ba. Karatun ya lanƙwashe, ya zama gurnani, ya tsaya. Da aka buɗe, zaren kaset ɗin ya fito a cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. Suka yi ta ja har ya tsinke.

Na dafe haɓar zanena. Guda ɗaya ne a duniya, ba shi da na biyu. In akwatin nan ya cinye shi, shi ke nan, sai kuma wata shekarar in da rai, kuma wa ya ba ni tabbacin Inna za ta kai? A daidai nan aka kira la'asar a masallacin unguwa. Na hango Inna ta tagar ɗakina tana yafa mayafi.

Na kira Alhaji bakin labule na kwance ƙullin. Na ce, "Ga shi. Kai kaɗai za ka taɓa. In mai gishirin nan ya miƙo hannu, wallahi zan shigo falon nan da kaina." Ya san zan iya. Ya karɓa da hannu biyu, ya goge cikin akwatin da bakin rigarsa, ya sa, ya yi bismilla, ya danna.

Shiru. Sai wani huci kawai ke fita daga sifikar falo, shuuu. Zaren yana juyawa, ina ganinsa ta 'yar tagar gilashin, amma ba murya. Alhaji ya ƙara murɗa ƙara, hucin ya ƙaru. Mazan suka fara. Wani ya ce ai wancan kaset ɗin ya lalata kan injin. Wani ya ce yaron bai iya ɗauka ba ne, fanko ya aiko. Mai gishiri ya ce, "Alhaji, anya ba a sayar maka da gawa ba?" Aka kwashe da dariya. Na ga wuyan Alhaji ya kumbura. Ni kuwa hawaye ya cika mini ido.

A cikin hayaniyar nan, tsakanin faɗuwar taɓarya da taɓarya, sai na ji wani abu daga can ƙuryar gida, siriri. Muryar namiji, a ɗakina. Na kasa kunne. Ita ce. Ashe maganar duk ta bi waya ɗaya ne. Daga baya muka gane cewa a can inda Yaya ya ɗauka, abin ɗaukar maganar a rami ɗaya cikin biyu aka soka shi, shi ya sa muryar ta zauna a gefe guda, gefen da Allah ya sa na kai wa Inna.

Na waiwayo, Alhaji ya ɗora yatsa a kan maɓallin tsayarwa. Na ce da ƙarfi, yadda duk falon ya ji, "Kada ka taɓa! Bar shi ya juya!"

Ya ce, "Ya juya ya yi mi? Ba ki ji ba ya magana ba?"

Da na ce masa yana magana a ɗakina, da duk sun tashi sun bi waya har ƙofar Inna don su ji abin mamaki, ita kuma da ta fito ta kama hanyar tasha. Saboda haka na ce, "Ka dai bar shi." Na bar mijina zaune gaban abokansa da akwati mai huci, suna yi masa tsiya. Ya dube ni ta gefen labule, ya ga fuskata, ya janye hannunsa. Har gobe ina ganin girmansa a kan wannan.

Na bi ta gefen masu daka na ce su ƙara ƙarfi, kada su tsaya. Na isa ƙofar ɗakina na tsaya, na leƙa ta tsagar ƙyaure.

Inna tana zaune a ƙasa, mayafin ya zame, ta jingina kunnenta da sifikar, tafin hannunta a bisa katakon. Muryar Yaya ta yi kauri, harshensa ya ɗan karye, amma shi ne. Yana cewa, "Inna, ina wuni?" Sai ya yi shiru. Ashe gurbi ya bar mata. Ta ce, "Lahiya lau." Ya ce, "Ina gajiya?" Ya yi shiru. Ta ce, "Ba gajiya." Ya tambayi gida, ya tambayi awaki, ya yi mata gaisuwar Baba, kowace tambaya da shirunta, ita kuma tana cike masa ɗaya bayan ɗaya.

Can ya ce, "Inna, na daɗe. Kin yafe mini?" Wannan shirun ya fi sauran tsawo.

Sai ta kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Ta sake kira. Ta ce, "Na yahe maka duniya da lahira, ɗana." Na toshe bakina da zane don kada ta ji kukana.

Na jira har kaset ɗin ya ƙare, na share fuska, na yi gyaran murya na shiga. Kafin in tura ƙofar har ta koma bakin gado ta gyara mayafi, fuskar nan kamar ba ita ba. Ta ce, "Wannan akwatin na mijinki surutu gare shi, ya hana ni tashi."

Na ce, "Sai haƙuri, Inna. Bari in ɗauko miki ƙwaryarki, kada motar ta wuce."

Ta murza kan sandarta. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shi abin nan, in ya gama, ana iya mai da shi ya sake daga farko?"

Na ce ana iyawa.

Ta zare mayafin ta ninke ta ajiye a bisa matashi. Ta ce, "To bar ƙwaryar. Ai gobe ma akwai mota."