Dutsen da Ya Tashi Maƙerar Badaru

A'a, Badaru bai kawo masu neman zinari Tudun Asta ba. Duk wanda ya tura muku wannan maganar a waya, ku tambaye shi ko ya taɓa taka filin. Guduma kawai mutumin nan ya buga, sai kuma baki da ya yi masa yawa. Shi ke nan laifinsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Badaru maƙeri ne a Tudun Asta, wani ɗan ƙauye bayan Wagini, ta hanyar da ke ɓullewa Safana. A maƙera ya buɗe ido. Kakansa ne ya kafa uwar maƙerar da yake duka a kai, ƙarfen nan da aka binne gindinsa a ƙasa, kuma tun ranar ba wanda ya motsa ta. Shekarun da mutanen daji suka matsa, rabin unguwarsu ya kwashe zuwa Batsari, shi ya ce in ya tafi wa zai wasa wa sauran galma? Ya zauna. Ƙarar masaba ta cinye masa kunne ɗaya, shi ya sa in yana yi maka raɗa, mai shayi na tsallake ma yana ji.

Bayan girbin bara wata ƙungiya ta ce za ta gina ɗakin haihuwa a garin. Tsohon ɗakin shan magani ya tsage tun daga ƙasa har rufi, kana ciki kana hango akuyoyi a waje. Sai aka turo injiniya ta auna ƙarfin ƙasa kafin a sa fandisho, wata matashiya daga Katsina, sunanta Sa'adiyya. Ranar farko ƙotar gudumarsu ta karye, aka nuna musu Badaru. Ya sa sabuwa, ya ɗaga ya gwada a kan kututture. Sa'adiyya ta dubi kututturen, ta dubi mutumin da suka zo da shi don bugu, ta ce, "Kawu, gobe kana da aiki?"

Aikin ba wani asiri a ciki, kuma rabin gari ya tsaya kallo. An shimfiɗa doguwar waya a filin, an soke wasu ƴan ƙarafa a ƙasa jere da juna, waɗanda mata suka raɗa wa suna kunnuwa. Badaru ya maka guduma a kan farantin ƙarfe, bugun ya ratsa ƙasa, kunnuwan su ji, kwamfuta ta nuna saurin isowarsa. Inda ya iso da wuri, ƙasa na da tauri. Inda ya yi nawa, ƙasa ce mai laushi, irin wadda ke sakin gini, kuma in ƙasa ta girgiza nan ne ɗaki ke fara zubewa.

"Girgizar ƙasa?" in ji Maude, taubashin Badaru, yana jingine da babur. "Hajiya, mu nan ba ƙasa ke girgiza mu ba. Kin san abin da ke girgiza mu."

"Na sani, Kawu, mahaifiyata ƴar Safana ce. Amma ko a wajen Abuja ƙasa ta taɓa motsawa. Ko ba ta motsa ba, kana son a haifi jikanka a ɗaki mai taga daga sama har ƙasa?"

"Ki rabu da shi, Injiniya," Badaru ya ce yana tofa yawu a tafi. "Wanga ko bukkar kaji ya gina sai ta rusuna tana gaishe shi."

"Kai dai bugi faranti, kurma. Yau ka samu abin duka da ba ya ramawa."

Da suka naɗe waya, Sa'adiyya ta kira Badaru ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Launuka ne, ja da shuɗi, bai gane komai ba. Ta ce gabas laka ce, amma ta yamma akwai dutse mai kyau a ƙasa, ba nisa, can za a ɗora ginin. Badaru ya ji daɗi har cikin ransa. Matarsa Hadiyya ta taɓa yin naƙuda a bayan babur a hanyar Batsari, ɗan bai zo da rai ba.

Ranar kasuwa Badaru ya zauna teburin mai shayi, ya ce da muryar nan tasa, "Injiniya ta ce akwai dutse mai kyau a ƙarƙashin filin nan. Ni na buga, da idona na gani a na'ura."

To, kun san mu. A yankin da samari ke zuwa Zamfara haƙa su dawo, in aka ce dutse mai kyau, ba wanda zai kawo gini a ransa. Dutsen da ake daka a wanke a ga ƙyalli, shi kowa ya ji. Kafin kasuwa ta watse, dutse ya zama zinari. Kafin wata kasuwar, zinarin ya kai girman tukunya, Badaru kuma an ba shi kasonsa.

Aka wayi gari filin ya cika da ramuka. Ta yamman ma suka fi haƙewa, daidai inda aka ce a yi ginin. Ba su samu komai ba sai dutsen da ya lanƙwasa musu diga. Sannan wasu baƙin fuskoki suka fara tsayawa da babur suna tambayar ina ne wurin. Nan tsoro ya shigo, kuma tsoron gaskiya ne, kowa ya san su wa ke bin ƙamshin zinari su iso gari. Sai aka nemi wanda za a ɗora wa. Injiniya tana Katsina. Badaru yana nan maƙerarsa gindin bishiyar bedi yana zuga.

Sa'adiyya ta turo saƙon murya tana bayani dalla-dalla, aka kunna a ƙofar masallaci. Wani ya ce to da cewa za ta yi akwai? Badaru ya ɗauki shebur ya shiga cike ramukan shi kaɗai, aka ce ɓoyewa yake. Ƙungiyar ta dakatar da ginin, ta ce sai an sake aunawa, kuma sai wuri ya natsu. Damina ta ƙarato, lokacin da maƙerarsa kan cika da galma da fartanya, bana mutane suna ɗaure nasu a babur su kai Wagini, ta gabansa suke wucewa. Har Maude.

"Kai ma?" Badaru ya ce masa.

Maude bai kashe babur ba. "Ina da iyali, ɗan uwa. In an gan ni nan, mi zan ce?"

Makon jiya mai unguwa ya kira Badaru, bayan doguwar gaisuwa ya ce ya ɗan matsa Batsari har magana ta kwanta. Bai yi musu ba. Ya dawo ya kwance zugazugi, Hadiyya ta ɗaure tukwane. Saura uwar maƙera. Shekara da shekaru ana dukanta ta nutse, sai da ya sa diga ya haƙa kewayenta. Yana durƙushe cikin ramin, wasu suka wuce. Kunnensa mai ji ne ke ta wajen hanya.

"Ka gani ko? Har cikin maƙerarsa akwai."

Yanzu haka ƙarfen na kwance a gefen ramin, ana jiran amalanke. Ba ta zo ba tukuna.

Ku kuma da kuka tsaya a filin nan kuna cin gyaɗa kuna dariya, kun ji da kunnenku aka ce gini. Malaman makarantar da suka leƙa kwamfuta, matan da suka raɗa wa kunnuwa suna, samarin da suka ɗauki bidiyo suka ɗora, duk kuna nan, ina ganin sunayenku a waya, kuna karantawa kuna wucewa. Ku rubuta a ƙasan nan abin da kuka gani, da cikakken sunanku. Ku faɗa a majalisa, ku faɗa wa liman ya faɗa ranar Juma'a, ku taka ƙofar mai unguwa. Mai galma ya ɗauko galmarsa ya kai gindin bedin nan da rana tsaka, kowa na gani. Ku buɗe baki kafin amalanken ta iso.